Shirun Bayan Sallah

  

Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Maganar gaskiya ce, amma a ganina an yi mata rowa, domin bashin kuɗi kaɗai ta lissafa, kuma wawa kaɗai ta ɗora wa. Akwai wanda bai ci bashin ko sisi ba, bai yi rigima da tela ba, bai karɓi atamfa a kan sai ƙarshen wata ba, amma Sallah na wucewa sai ya ji kamar an aza masa buhun gero a ƙirji. Ba zazzaɓi yake yi ba, ba a yi masa rasuwa ba, ba wanda ya ɓata masa rai. Gari ne kawai ya waye, shi kuma ya rasa abin da zai tashi ya yi wa. Ina cikin irin waɗannan mutane kusan kowace shekara, kuma na lura muna da yawa. Faɗa ne ba ma yi.

Ni nawa yakan zo a rana ta huɗu ko ta biyar. A nan Kano, a shekarun da aka yi hawa, kwanakin farko ba sa ba mutum sararin sauraron zuciyarsa: Hawan Sallah, washegari Hawan Daushe, sannan Hawan Nassarawa, ga yara sun matsa sai an kai su gidan zoo, ga baƙi wannan na fita wannan na shiga. Sai a wayi gari dawakai sun koma turke, masu adaidaita sahu sun daina ninka kuɗi, lallen hannu ya fara koɗewa daga bakin farce, cincin ɗin da ya rage a roba duk ɓurɓushi ne. Tsakar gidan da jiya ba wurin taka ƙafa saboda takalman baƙi, yau kaji ne ke yawo a ciki. A wannan ranar ce nake jin jikina ya mutu. Hirar da na saba yi da ƙannena sai ta zama aiki. Littafin da na ajiye na ce sai bayan Sallah, in na ɗauka sai in karanta shafi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba.

Ban samu suna ɗaya da ya dace da abin ba. Kasala ce, amma ta fi kasala. Kewa ce, amma in an ce kewar wa, ba amsa. Wata ƙawata tana kiransa “zazzaɓin da ba ya zafi”, ni kuma shiru nake kiransa, domin abin da na fi ji ke nan.

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma inda na tsaya shi ne: ba Sallar kaɗai muke kewa ba. Azumi da Sallah aro suke ba mu na wasu abubuwa guda uku, wata guda da 'yan kwanaki muna amfani da su har mu manta na aro ne, sannan a karɓe su gaba ɗaya a rana ɗaya.

Na farko shi ne tsarin lokaci. Ku duba yadda ranar mai azumi take. Ba ya tambayar kansa me zan yi yanzu. An riga an yanka masa ranar gunduwa-gunduwa: sahur, asuba, ɗan barci, aiki, tafsiri a rediyo ko a masallaci, la'asar ta yi a shiga kicin, markaɗen wake, dama kunun tsamiya, feraye dankali, kunne na jiran kiran magariba. A sha ruwa, a tafi asham. Goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Ko wanda ba shi da aikin yi, wanda a sauran watanni safiyarsa da yammacinsa duk ɗaya ne, a watan azumi yana da jadawali kamar ma'aikacin banki. Kuma ba shi ya sha wahalar tsara shi ba, gari ne gaba ɗaya ya tsara masa. Ranar da aka ga wata, jadawalin ya ƙare. Sallah ta rufe giɓin na kwana uku ko huɗu da nata hidimar, sannan ta tafi ta bar mutum da sa'o'i 24 a hannu, ba kai ba gindi.

Na biyu jama'a. A gidanmu, wata 11 kowa cin abincinsa yake yi lokacin da ya ga dama. Yaya ya dawo da daddare ya ci nasa a kwano, yara su ci a tsaye, Baba a kai masa ɗaki. A azumi ne kawai ake shimfiɗa tabarma ɗaya, kowa ya zauna yana kallon agogo ɗaya. Maƙwabciyar da sai ku yi wata biyu ba ku haɗu ba, kullum yaronta na bakin ƙofa da langa: “Wai in ji Mama ga ƙosai.” A mayar da langar da wani abu a ciki. A hanyar asham ka gaisa da mutum 20. Mutum bai san yana samun wannan abincin zuciya ba sai ranar da aka ɗauke kwanon.

Na uku kuwa, abin jira. Mai azumi kullum yana da abin da yake jira, ƙarami da babba. Yana jiran magariba, yana jiran a raba tsakiya, yana jiran goman ƙarshe, yana jiran ɗinkinsa ya fito, yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Jira yana da daɗin da ba mu cika yaba masa ba. Sau da yawa ma ya fi abin da ake jiran daɗi: duk wadda ta yi sati uku tana tunanin yadda leshinta zai zauna mata ta san cewa sa shi na awa huɗu bai kai tunanin ba. Bayan Ƙaramar Sallah akwai ɗan sauƙi, tunda Babba na tafe nan da wata biyu da kwana goma. Bayan Babbar Sallah kuwa, in an gama suya, an ɗure nama a bokiti, alhazai sun dawo an karɓi tsaraba, sai ka duba gaba ka ga fili fetal.

To mutumin da aka karɓe wa tsari da jama'a da abin jira a lokaci guda, in ya yi sukuku, ina abin mamaki?

Sai kuma jiki, wanda shi ma yana bin mu nasa bashin. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki, wanda ke gaya masa lokacin barci da lokacin farkawa, kuma hasken rana da lokacin cin abinci ne ke saita shi. Wata guda muna cin abinci da ƙarfe huɗu na dare, goman ƙarshe mun mayar da dare rana, mata kuma sun ɗora da kwanan zaune wajen kitso da lalle da tuyar cincin. Agogon nan ba ya komawa daidai a dare ɗaya, a hankali yake jan ƙafa, kamar yadda yake yi wa wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi zuwa ƙasar da lokacinta ya bambanta da namu. Shi ya sa za ka ga ƙarfe biyu na dare ido biyu, ƙarfe goma na safe kuma kai ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Wanda bai samu barci ba kuwa, komai baƙi yake gani. Ƙaramar magana sai ta zame masa babba.

Ga zafi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka Sallah tana matsowa baya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan a tsakiyar bazara take faɗowa: 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Duk mazaunin Kano ya san abin da Afrilu ke nufi, rana ta haura maki 40, dare kuma ɗaki kamar tanda, in ba wuta ba fanka. A azumi muna jure wannan da ƙarfin niyya da sa ran lada. Bayan Sallah zafin yana nan, niyyar ta gama aikinta.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya fi ni sanin aljihunsa. Abu ɗaya dai: wuraren aiki da yawa sukan biya albashi da wuri saboda Sallah, a yi ta godiya, sai daga baya a gane cewa watan da ke biye ya zama mai kwana 40. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota na yawon Sallah kaɗai ya isa ya rama mutum. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma irinmu masu aiki a ƙananan shaguna a nan muke. Ni a shagon buga takardu nake aiki. Satin bayan Sallah makarantu na hutu, ba mai kawo aikin bugawa, sai in zauna ni da kwamfuta muna kallon juna, ga zubin adashi na matsowa.

Abin da ya fi kuɗi ci mini rai shi ne tambayoyi. Sallah ita ce ranar da dangi ke duba littafin rayuwarka su ba ka maki. Ba da mugunta suke yi ba, na yarda da wannan, yawancinsu ƙauna ce ta sa. Amma ƙaunar da ta zo a siffar tambaya ɗaya daga baki 15 tana da nauyi.

“'Yar nan, har yanzu ba a koma karatun ba?” in ji Kawu.

“Ana dai shiri, Kawu.”

“To ita wance ba tare kuka gama sakandare ba? Na ji har ta tafi bautar ƙasa.”

Ta ina zan fara yi wa Kawu bayanin cewa mai ƙaramar difloma ba ya zuwa bautar ƙasa? Cewa bayan shekara biyu na ND sai an yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan a nemi gurbin HND, a yi wasu shekara biyun, kuma kowane mataki kuɗi yake ci? Ba a yin wannan bayanin da baki cike da waina. Sai a yi murmushi a ce, “Ku dai taya mu da addu'a.” Kafin ka huta Goggo ta kama hannunka tana yaba lalle, ta rage murya: “To yaushe za mu sha biki ne? Ko sai mun tsufa ba ma iya rawa?” Maza ma ba su tsira ba, nasu ya fi gajarta ne kawai: ina aiki, ina iyali, ina ka kwana a maganar fili.

A ranar ba ka jin zafin, hayaniya ta rufe. Sai baƙi sun watse tambayoyin ke dawowa ɗaya bayan ɗaya, su zauna a bakin gado. Ka buɗe waya don ka guje musu, sai ka faɗa cikin hotunan Sallar mutane: wannan da mijinta da 'ya'ya cikin anko, wannan a gaban sabuwar mota, wancan daga Makka ya yi tasa Sallar. Ka san sarai hoto ne, ka san an ɗauki 30 an zaɓi ɗaya, ka san wata motar ma ta maƙwabci ce. Sani daban, zuciya daban.

Akwai kuma waɗanda tasu Sallar ƙidayar waɗanda babu ce. Kujerar da wani ya saba zama, gidan da aka saba fara zuwa gaisuwa yanzu an kulle. Kakata, Allah Ya ƙara mata lafiya, ita ta nuna mini wannan ɓangaren. Na same ta bayan jikoki sun koma Abuja da Kaduna, tana naɗe tabarmin da aka shimfiɗa musu, a hankali kamar ba ta so ta gama. Na ce, “Hajiya, kawo in taya ki.” Ta ce, “Bar ni kishiya, in na gama wannan me kuma zan yi?” Da wasa ta faɗa, amma ba wasa ba ne. Tsofaffi sun fi mu shan wannan shirun. Mu muna da waya da wurin aiki, su kuwa gidan ya cika na kwana uku ya koma kango na wata da watanni.

Abin da ke ƙara wa ciwon gishiri shi ne kunyar faɗarsa. Ka ce wa mutum ranka ba daɗi bayan Sallah, amsar a shirye take: “Ka gode wa Allah da Ya nuna maka, wasu suna kabari.” Gaskiya ne, kuma mun gode. Amma ban ga inda godiya ta hana gajiya ba. Mai ciwon kai ma yana godiya, kuma yana shan magani. Wani ma sai ya ce raunin imani ne, ka fito daga watan ibada ka koma gidan jiya. Wannan ta fi ciwo, domin mai jin nauyin nan da ma yana zargin kansa: jiya yana sauke izu biyu a rana, yau shafi ɗaya na gagararsa. A nawa ɗan sanin, mutumin da ke baƙin cikin rabuwa da azumi ba shi ne ya kamata a tuhuma da rashin son ibada ba. Hukunci dai na malamai ne, ni abin da na sani shi ne, duk wanda aka ba shi irin wannan amsa sau ɗaya ba ya sake buɗe baki.

Ba mu kaɗai ba ne, in wannan zai sanyaya wa wani rai. Turawa ma suna kuka da irinsa bayan Kirsimeti da sabuwar shekara, ga sanyi ga gajeriyar rana ga bashi. Har akwai wata Litinin, ta uku a watan Janairu, da ake yi wa laƙabi da ranar da ta fi kowace baƙin ciki a shekara. Sai dai wannan laƙabi ba daga asibiti ya fito ba, wani kamfanin tafiye-tafiye ne a Ingila ya yaɗa shi a 2005 don ya sayar da tikitin hutu. Na kawo shi ne don mu lura: duk inda mutane ke cikin ƙunci, akwai mai jiran ya sayar musu da wani abu. Mu ma nan satin bayan Sallah ne ake cika mu da tallan ragin kaya.

To me nake yi? Ba likita ba ce ni, abin da na gwada ne ya yi mini aiki zan faɗa, kuma duk dabara ɗaya ce: tunda aro aka ba ni aka karɓe, sai in ƙera ƙaramin nawa.

Da barci nake farawa, domin in bai daidaita ba sauran duk wasa ne. Ba na tilasta wa kaina yin barci da wuri, wannan ba ya yiwuwa, ido ba ya jin umarni. Lokacin tashi nake riƙewa. Bayan asuba in gari ya yi haske sai in fita tsakar gida, in yi shara ko wanki, ko in taka zuwa bakin titi sayen ƙosai maimakon aiken yaro, don dai hasken safe ya taɓa idona. Barcin rana in rage shi, kada ya wuce ɗan kishingiɗa bayan azahar. Shayi mai ƙarfi ba na sha bayan magariba. Waya kuma a ɗakin Inna nake sa ta caji da daddare, ba don na fi kowa tarbiyya ba, don na san in tana kusa da matashina sai na ɗauka. Kwana uku na farko wahala ce zalla. Wajen kwana na biyar sai in ji hamma ta fara zuwa a lokacinta.

Sitta Shawwal ma tana taimakona, bayan ladar da ake nema. Azumin kwana shida a watan Shawwal kamar matakala ce, maimakon a diro daga soro a sauko a hankali. Mu mata da yawanmu muna da ramuwa, kuma kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi game da wanda za a fara. Abin da na ƙara a kai shi ne ba na yi ni kaɗai. Ni da maƙwabciyata da ƙanwata mukan sa rana ɗaya, mu sha ruwa tare a tabarma ɗaya. Langar ƙosan nan ta ci gaba da zirga-zirga na ƙarin mako guda.

Sai dabarar da na fi so, ajiye ziyara. Mun saba mu cusa gidaje 12 a kwana biyu, ko'ina minti 15, a gaisa, a ci cincin, a ba yara barka da Sallah, a tashi. Ba wanda ya ga wani. Yanzu nakan ware gida biyu ko uku, musamman na tsofaffi, in kira su ranar Sallah in gaishe su in ce ina nan tafe sati mai zuwa. Riba biyu ce. Ni na samu abin jira, su kuma sun samu baƙo a lokacin da gidan ya yi tsit. Kuma abin mamaki, Goggon da ta tsare ni da maganar aure a gaban jama'a, in na same ta ita kaɗai ranar Talata da hantsi, labarin ƙuruciyarta take ba ni, yadda aka kai ta ɗakin miji tana kuka, yadda Kantin Kwari yake a da. Tambayar nan ashe ta taro ce, in ba taro ba ta cika tasowa.

Bashi kuwa a takarda nake rubuta shi, kowane da sunan mai shi da ranar biya. Bashin da ke cikin kai kumbura yake yi da daddare. Wanda ke kan takarda girmansa ɗaya safe da yamma. In na ga ba zan cika alƙawari ba, nakan je da ƙafata kafin ranar in faɗa. Ban taɓa jin daɗin wannan tafiyar ba, amma ta fi sauya hanya don kada a haɗu.

Mu masu rubutu muna da ƙarin namu. Da yawanmu mukan dakatar da labari in azumi ya kama, mu rubuta wa masu karatu “sai bayan Sallah in Allah Ya kai mu”. To ga bayan Sallar ta zo. Saƙonni sun fara shigowa ta WhatsApp, ina ci gaba, kin bar mu a rataye. Ka buɗe shafi ka tarar mutanen labarin sun zama baƙi, ka manta muryarsu. Sai tsoro ya shiga: ko dai baiwar ta tafi? Ba inda ta je. Hannu ne ya yi sanyi, kuma mai shi bai yi barci ba. Ni ba na fara ci gaban labari a wannan satin. Babi uku na ƙarshe nake sake karantawa, ba gyara, karatu kawai. Sannan kullum in rubuta layi goma a kan abin da idona ya gani a gidan: tukunyar da aka jiƙa tun jiya, takalmin yaron baƙi ƙafa ɗaya da aka manta a bayan randa, balan-balan da ta saki iska a ƙarƙashin kujera. Ba don a buga ba. Amma na lura da wani abu: littattafanmu sun ƙware a kwatanta biki, kamu da dina da kayan lefe akwati-akwati, sai a tsallake a ce “bayan sati biyu”. Satin biyun nan da muke tsallakewa, a cikinsu mutane suke zama su kaɗai da zuciyarsu, kuma ban cika ganin wanda ya tsaya ya rubuta su ba.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Duk abin da na faɗa a sama na shirun da ke wucewa ne, wanda yakan yi kwana biyar, bakwai, goma, yana raguwa, ana dariya a tsakani. Akwai wanda ba ya wucewa, kuma shi ba a magance shi da shara da ziyarar Goggo. Ma'aunin da likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi wajen gane ciwon damuwa shi ne mako biyu: mutum ya kasance cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba jin daɗinsu, kusan duk yini, kusan kowace rana, har aƙalla mako biyu. Sau da yawa tare da rikicewar barci, rashin cin abinci ko cinsa fiye da kima, gajiya marar dalili, kasa tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, yanke ƙauna. In kuwa tunanin mutuwa ya fara zuwa, ko na cutar da kai, ba a jiran mako biyun. Ranar za a gaya wa wani, ranar za a nemi asibiti.

Na san abin da ke hana mu. A Kano kalmar Dawanau ta zama abin tsokana, yaro ya yi rashin ji a ce za a kai shi Dawanau. Saboda haka mai ciwon damuwa gara ya mutu a ɗaki da a gan shi a hanyar can. Amma asibiti ne kamar kowane, kuma yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida ko wurin aiki a ranar. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Wanda duk waɗannan suka yi masa nisa ko nauyi, ya fara da likitan asibitin da ya saba zuwa, ya faɗa masa yadda yake ji kamar yadda zai faɗi ciwon ciki. Wani lokaci ma gwajin jini ne zai nuna ƙarancin jini ko wata cuta ce ke kawo mutuwar jikin. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon marar lafiya kamar abin tsarewa. Doka ta canza. Bakunanmu ne suka rage. Addu'a da magani kuma ba kishiyoyi ba ne, ba mu taɓa cewa mai hawan jini ya zaɓi ɗaya ba.

In kuma ba kai ba ne, wani naka ne ka ga ya yi shiru tun bayan Sallah, ya daina amsa saƙo, ya daina zuwa taron ƙungiya, kada ka aika masa “ya kake?” Amsar wannan tambayar a ƙasar Hausa ɗaya ce, ko a gadon asibiti: lafiya lau. Ka je. Ka tambayi abin da ba a amsa shi da lafiya lau: ƙarfe nawa ka yi barci jiya, me ka ci yau, yaushe rabonka da fita ƙofar gida. In ya fara magana, ka riƙe wa'azinka a aljihu tukuna, ka bar shi ya kai aya. In abin ya kai na asibiti, kada ka ce “ya kamata ka je”, ka ce “gobe ƙarfe bakwai zan zo mu tafi”, domin layin yankar kati da sassafe ake kama shi, kuma mai wannan ciwon tashin safe ne ya fi gagararsa.